Yadda za ka haɗa fatsa don kamun karfasa da tarwaɗa

Da farko ka san kifin da ka fito nema. A kogin Galma da madatsar Kubanni da ke Zariya, ana samun karfasa da tarwaɗa, kuma ba ƙugiya ɗaya ke kama su ba. Karfasa bakinta ƙarami ne, sai ƙaramar ƙugiya da siririn zare. Tarwaɗa kuwa tana da faɗin baki da ƙarfin ja, don haka ka nemo babbar ƙugiya da zaren roba mai kauri.

Na biyu, samo sandar gora mai lanƙwasa, tsawon mita 3 ya isa.

Na uku shi ne koto, kuma nan ne aikin yake. Ni dai ban ga abin da ya kai tana ba. Ka tono ta da sassafe a ƙasa mai laima, ka zuba a gwangwani tare da ƙasarta. Zura ta har ta rufe ƙugiyar, ka bar jelar tana motsi, don motsin ne ke jawo kifi. Tarwaɗa da ƙamshi take farauta, shi ya sa hanjin kaza ke yi mata. Kifin roba da 'yan Amurka ke jefa wa wani kifi da ake kira bass, an yi shi ne don kifi mai bin ɗan'uwansa da gudu, kada ka kashe kuɗinka a kai.

Sai ka ɗaura 'yar dalma sama da ƙugiya, totuwar kara kuma a sama ta riƙa yawo kan ruwa. Don tarwaɗa, bari koton ya kai ƙasa.

Ka jefa kusa da ciyawar bakin ruwa da asuba ko gab da magariba. In totuwar ta yi rawa, ka dakata tukuna. Sai ta nutse sannan ka fizga.