Yadda mai lalurar rarrabuwar kai zai daidaita rayuwarsa

Lalurar rarrabuwar kai, wadda likitocin ƙwaƙwalwa ke kira DID, galibi tana samo asali ne daga azabar da aka yi ta gana wa mutum tun yana ƙarami. Hankali ya rabu gida-gida don ya tsira, sai a girma da ɓangarori, wani bai san abin da wani ya aikata ba. Duk da haka mutum ɗaya ne, kuma korar ɓangarorin ba ita ce waraka ba. Haɗin kansu ake nema.

Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne ɓacewar lokaci: ka tsinci kanka a kasuwa ba ka san yadda ka zo ba. Don haka ka fara da littafi guda ɗaya tak, a ajiye shi wuri ɗaya. Safe da dare a ba shi minti biyar: inda aka je, nawa aka kashe, wa aka yi wa alkawari. Kowane ɓangare ya rubuta nasa. Inda abin ke lalacewa shi ne wani ya yaga shafi ko ya zagi ɗan'uwansa, sai sauran su daina rubutu. A kafa doka tun shafin farko: ba yagewa, ba zagi.

Ƙwayoyin magani a zuba su a akwati mai gida bakwai, gida ɗaya ga kowace rana, don kada a sha sau biyu. Babu ƙwayar da ke warkar da lalurar kanta, likita kan bayar ne don baƙin ciki, fargaba ko rashin barci. Ka guji sayen maganin barci a kemis, yakan ƙara wa kai hazo. A banki kuma ka rage adadin da za a iya cirewa a rana.

Da ka ji kana shuɗewa, taka ƙasa da ƙarfi, wanke fuska da ruwan sanyi, faɗi sunanka da ranar yau, ka lissafa abu biyar da kake gani.

Jinyar mataki uku ce: samun natsuwa, sannan taɓa tsohon rauni, sannan haɗa kan ɓangarori. Kada ka yarda a tsallake na farko, domin tono da wuri yakan dawo da mugun mafarki da cutar da kai. A kuma fara gwajin farfaɗiya, don takan yi kama da wannan. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri wuraren farawa ne.

'Yan uwa kan ce aljanu ne. Addu'a ba ta hana ganin likita, amma duka ko ɗauri da sunan magani sabon rauni ne a kan tsoho. Idan wani ɓangare ya fara zancen kashe kai, a tafi asibiti a ranar.