In anka tsamo yaro daga ruwa ba ya numfashi, ga abin yi

Jama'a mu da ke bakin Neja, Yauri, Ngaski, Shanga, ga kuma kududdufai da damina ke cikawa ko'ina, abin nan ya kamata kowa ya iya shi ba sai malaman asibiti ba. Da an fiddo yaro sai ka ga ana danna mishi ciki ko a ɗaga ƙafafu sama wai ruwa ya fita, don Allah a daina, ɓata lokaci ne kuma amai kan iya komawa huhu. Iska yaron ke buƙata. Shi yaro yawanci numfashi ke fara tsayawa sannan zuciya ta bi, kuma ƙwaƙwalwa 'yan mintoci kaɗan take jurewa babu iska.

Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka taɓa shi ka kira sunanshi, ka nuna mutum guda ka ce ya nemo mota ko ya kira 112. Ka ɗan tanƙwara kanshi baya ka ɗaga haɓa, in jariri ne, wato wanda bai kai shekara ɗaya ba, kan ya tsaya daidai kar a tanƙwara sosai. Kalli ƙirji, kada ka wuce sakan 10. In ba numfashi, ko sai wata shaƙuwa jefi-jefi, to wannan ba numfashi ba ne, toshe hanci ka haɗa bakinka da nashi ka hura sau 5, kowace hurawa ka ga ƙirji ya taso. Jariri kuwa bakinka ya rufe baki da hanci gaba ɗaya, hurawa kaɗan, kar ka cika ƙarfi.

Bai motsa ba? Sai dannawa. Tsakiyar ƙirji, a kan rabin ƙasa na ƙashin ƙirjin, da tushen tafin hannu guda, jariri da manyan yatsun hannu biyu, sauran yatsun na zagaye da ƙirjin. Ka danna ya shiga kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, wajen santimita 4 ga jariri 5 ga yaro, da sauri sau 100 zuwa 120 a minti, kana barin ƙirjin ya dawo. Danna 30 hura 2, haka za ka yi ta yi, in ka gaji wani ya karɓe ka. Mutane na tsoron karya haƙarƙari, wallahi ƙashi yana ɗoruwa. In kai kaɗai ne yi minti guda tukuna kafin ka ruga neman taimako.

Ya dawo numfashi, juya shi kan gefe, cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, kar a ɗura mishi ruwa ko madara ko rubutu. Ko ya tashi yana kuka sai an kai shi asibiti, don huhu kan rikice bayan awoyi. Can ne ake da oksijin da jakar hura iska da allurar adirenalin mai taimaka wa zuciya ta dawo bugawa, in jijiya ta ɓace ma ta ƙashin ƙwauri ake sa ruwa. A gaya wa likita tsawon lokacin da ya yi cikin ruwa da minti nawa anka yi ana dannawa.