Darasi na 7: Zubin Wata-wata a Asusun Jari na Haɗin Gwiwa

Duk wanda ya zauna a Kasuwar Barci ya san adashi. Kowa ya kawo zubinsa, uwar adashi ta tara, ranar kwasa mutum ɗaya ya ɗauka. Asusun jari na haɗin gwiwa ya yi kama da wannan wajen zubi, amma babu ranar kwasa. Kamfani ne ke tara kuɗin jama'a, ya juya su a hannayen jari ko takardun bashin gwamnati, a rubuta wa kowa kasonsa gwargwadon abin da ya zuba.

Mu ɗauki misalin wata mai ɗinki a Tudun Wada. Duk ƙarshen wata tana ware naira 4,000. A watan farko kaso ɗaya naira 100 ne, ta samu kaso 40. Wata na biyu kasuwa ta faɗi, kaso ya dawo naira 80. Ta duba wayarta, ta ga dubu huɗunta na farko sun koma 3,200. Gabanta ya faɗi, kuma ba laifinta ba ne, guminta ne. A nan mutane da yawa ke janyewa, su tabbatar da asararsu. Ita kuwa ta sake zubawa, naira 4,000 ɗin nan suka sayo mata kaso 50. Kamar mai auna masara ne lokacin kaka: kuɗi ɗaya, mudu ya fi yawa.

Amma ku ji da kyau, babu wanda ya lamunce maku riba. Inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya rushe, ta ajiyar banki ce, ba ta shafi wannan asusu ba. Don Allah kada a taɓa kuɗin haya ko na makarantar yara.

Kafin ku ba da ko sisi, ku tabbatar kamfanin yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari. Wanda ya ce zai ninka maku kuɗi cikin wata guda, ku tuna kukan da aka sha kan MMM, tsarin damfara mai alkawarin riba mai tsoka, a 2016. Ku tambayi ladan da kamfanin ke cira, da kwanakin da ake jira in an nemi kuɗi.

Mai gudun riba ta haram yana da mafita. Tun 2008 kamfanin Lotus ya buɗe asusun halal, gwamnatin tarayya kuma ta fara fitar da sukuk, wato takardun jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa, a 2017.

Aiki: A wata na uku kaso ya kai naira 125. Kaso nawa naira 4,000 za su saya mata?