Kurakuran da aka fi yi wajen gane tsohuwar tarakta da cire kayan gyara daga jikinta

Tarakta da ta shekara goma ko ashirin a gefen gona, ciyawa ta rufe ta, tsatsa ta ci jikinta, sau da yawa tana ɗauke da kayan da za su tayar da wata da ke aiki, amma mafi yawan asarar da ake yi a kanta tana faruwa ne a ranar farko, lokacin da aka ɗora sifana kafin a san wace iri ce. Kafin komai, a nemi mai ita a yi ciniki, domin daɗewa a yashe ba ya mayar da ita ta kowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da launi. Ana ganin ja sai a ce Massey Ferguson ce, kore da rawaya a ce John Deere, alhali tsofaffin taraktoci an sha sake musu fenti. Ko da fentin asali ne, yana iya ruɗarwa: Ford 9N da ta fito a Amurka a 1939 da Ferguson TE20 da aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956 duk launin toka ne, kuma siffarsu ta yi kama sosai, amma injinansu daban suke. Abin da ya dace shi ne a nemo farantin lamba, wanda yawanci ake kafawa kusa da sitiyari ko a jikin akwatin giya, a wanke shi da man dizal da buroshi mai laushi. Masu kankare shi da takardar yashi kan goge lambar gaba ɗaya, kuma ba ta dawowa.

A nan ma akwai tarko biyu. Lambobin da suka fito ɓaro-ɓaro a jikin ƙarfe na zubin ƙarfen ne, suna nuna wannan sashen kaɗai, lambar da aka buga da guduma ita ce shaida. Sannan lambar inji ba lallai ta zama ta taraktar ba, domin injinan kamfanin Perkins an saka su a na'urori iri-iri, kuma wataƙila wani bakanike ya taɓa musanya na asalin. A ƙirga silinda da giya a gwada da abin da lambar ta faɗa: 9N giya uku gare ta na gaba, ƙanwarta Ford 8N kuwa huɗu.

Wani kuskuren mai ciwo shi ne tilasta wa injin da ya cije, ko dai da sabon batir ko ta hanyar jan taraktar da wata mota tana cikin giya. Wannan yakan lanƙwasa sandar fistin ko ya fasa abin da a da lafiyarsa ƙalau. Gara a cire nozul ko fulogi, a zuba mai a kowace silinda, a bar shi kwanaki, sannan a gwada juya injin da hannu a hankali. A kuma lura cewa wasu tsofaffi, kamar 8N, batirinsu mai ƙarfin volt 6 ne, kuma wayar fositif ce ke haɗe da jiki.

Inda ake rasa rai kuwa shi ne wajen raba taraktar biyu. Irin waɗannan taraktoci ba su da firam kamar babbar mota. Inji da akwatin giya su ne ƙashin bayanta, don haka da an kwance kusoshin tsakiya kowane rabi zai nemi faɗuwa. Jak ɗaya ba ya isa. A tokare kowane ɓangare da katako mai ƙarfi a kan ƙasa mai tauri, a cusa katako a gatarin gaba domin yana lilo a tsakiyarsa, a kuma sauke garma ko duk abin da ke rataye a baya. Tayoyin baya sau da yawa cike suke da ruwa don ƙara nauyi, wani lokaci da gishirin kalsiyam mai cin rim, saboda haka a zubar da shi kafin a kwance su. Kada a kusantar da wutar walda ga tankin mai ko da ya bushe, ko ga rim mai taya a jiki. Ƙurar tsohon birki da kuloci na iya ɗauke da asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu, a jiƙa ta a goge, kada a hura.

Bayan an cire kaya, famfon dizal da nozul su ne suka fi saurin lalacewa, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓata su. A toshe bakunansu nan take. Kowane sashe a ɗaura masa takarda mai ɗauke da samfurin taraktar da lambarta, kusoshinsa kuma a ƙulle su tare da shi, sai abin da ya tsage ko ya ruɓe ne za a tura wa 'yan gwangwan.