Yadda Ake Shiga Aikin Jinƙai Har a Kai Ga Shugabanci

Matashin da ke son mayar da aikin jinƙai sana'a ya fara da aikin sa-kai a reshen ƙungiyar Red Cross na jiharsa, ko a wata ƙaramar ƙungiya da ke taimakon 'yan gudun hijira a Borno, Yobe ko Adamawa, domin masu ɗaukar ma'aikata sun fi duba gogewa a kan takardar shaida. Daga nan sai ya zaɓi fanni guda ya ƙware a kansa, ko abinci mai gina jiki, ko ruwa da tsafta, ko lissafin kuɗi, ya kuma riƙa duba guraben aiki a ReliefWeb, shafin intanet na labarai da guraben ayyukan jinƙai.

Wajibi ne ya san ƙa'idoji huɗu na wannan aiki: mutunta ɗan Adam, rashin ɗaukar ɓangare, rashin nuna bambanci da cin gashin kai. Ranar rabon kaya ake gane muhimmancinsu, lokacin da mai unguwa zai matso ya raɗa masa cewa a sanya sunan ɗan'uwansa a takarda, alhali ga bazawara mai 'ya'ya biyar tana tsaye cikin rana tun safe. A ganina, wanda bai iya cewa a'a cikin ladabi a wannan wuri ba, bai isa riƙe ƙungiya ba tukuna.

Idan ya kai ga kafa tasa ƙungiyar a Najeriya, zai kafa kwamitin amintattu, ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ya karɓi takardar SCUML, wato sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram, kafin buɗe asusun banki, sannan ya adana rasit na kowace naira, domin masu ba da tallafi sukan nemi rahoton binciken kuɗi kafin su saki ko sisi.