Yadda Ake Neman Ƙananan Tsuntsayen Ar'ar a Tsaunukan Asir

Shekarata ta shida ke nan ina tuƙi a Abha, wani birni a yankin Asir na ƙasar Saudiyya, kuma duk Asabar ɗin hunturu da na samu hutu, tsaunin Sauda nake hawa don kallon ƙananan tsuntsayen dajin bishiyar ar'ar. Tsayinsa ya kai kimanin mita 3,000, don haka ka ɗauko rigar sanyi mai kauri da shayi a fulas, ɗan'uwa. Sanyin Jos wasa ne a kan na nan.

Ka fita da zarar an sallame Asuba. In rana ta ɗaga, hazo kan taso daga gangaren Tihama, wato ɓangaren Bahar Maliya, ya rufe dajin, ko bishiyar da ke gabanka ba za ka gani sosai ba.

Babban aikin shi ne zaɓen bishiya. Ar'ar ganyenta ba ya kaɗewa, amma ba kowace ke 'ya'ya ba. Nemi wadda rassanta suka cika da 'ya'ya ƙanana kamar barkonon masoro, shuɗaye masu ɗan fari-fari kamar an barbaɗa musu toka. In ka same ta, ka zauna, rana a bayanka, ka daina yawo. Shekara biyu na ɓata ina bin daji da ƙafa ina korar abin da na zo nema.

Kunne ne ke fara gani. Za ka ji 'yan ƙananan muryoyi irin na kanari, sannan garken linet na Yaman ya sauko: kan namijin ruwan toka, bayansa ja-ja kamar goro, in ya tashi farin fiffikensa ya haska. Sukan sauka ƙasa su tsinci tsabar ciyawa. Kada ka zabura. Ɗaga madubin hangen nesa a hankali, idonka na kan reshen.

Tsuntsun da kowa ke mafarkin gani shi ne wani mai ƙaton baki, mai ruwan ɗorawa a fiffike da wutsiya. Sau ɗaya tak na gan shi, ya ɗauke ɗan ar'ar yana murza shi a baki, ɓawon na zubowa. Hannuna har rawa yake, wallahi.

Don Allah kada ka kunna kukan tsuntsu a waya don ka jawo su. Cikin wannan sanyi abinci suke nema, ba su da ƙarfin ɓatawa. Ka kuma rufe gilashin mota, domin gwaggon birin wajen ya san ledar burodi tun daga nesa.