In ka ci karo da wasiƙun kakanku alƙali a gida, ga yadda za ka bi da su

Gidajen malamai da alƙalai a cikin garin Sakkwato, har Wurno da Gwandu, da wuya ka rasa wata gafaka ko tsohuwar adaka a ƙuryar ɗaki wadda ba mai taɓa ta sai an yi rasuwa ana maganar gado. To in Allah ya sa kai ne ka buɗe, ka tarar da takardu ɗai-ɗai ba littafi ba, aka ce maka ai wasiƙun kaka ne da ya yi alƙalanci zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, don Allah ka bi a hankali, don ɓarnar da zumuɗi ke yi a yini ɗaya ko gara ba ta yin ta.

Farko dai kada ka sake musu jeri. Yadda ka same su haka za ka bar su, ko da kuwa kana ganin a hargitse suke. Dalili shi ne galibin wasiƙun wancan zamani ba a sa musu kwanan wata, to sau da yawa takardar da ke kwance kusa da wata ita ce za ta gaya maka lokacinta ko shari'ar da take magana a kai. Ka wanke hannu ya bushe sarai, ka shimfiɗa farin ƙyalle bisa tabarma a zaure da hantsi inda haske ke shiga amma ba rana kai tsaye ba, ka kashe fanka, sannan ka riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kana ɗaukar hoto da waya ba tare da filashi ba, gaba da baya, har bayan da kake ganin ba komai a kai. Lamba kuwa a wata 'yar takarda daban za ka rubuta da fensir ka ajiye gefe ta fito cikin hoton, biro kada ya kusanci wasiƙar.

Kada ka kai su shago a like su da roba, zafin injin nan yana cinye tawada kuma ba a iya warwarewa. Ba salatif, ba gam, ba fesa maganin sauro, ba ƙullewa a leda don leda tana tara gumi da damina. Wadda ta naɗe ta ƙi buɗuwa ka ƙyale ta, takardar da ta sha zafin Sakkwato shekara ɗari biyu karyewa take yi daidai kan layin ninki.

Sai karatu. Wasiƙun aiki na wancan zamani da Larabci aka rubuta su, ajami na Hausa da Fulatanci an fi samun shi a waƙoƙi. Rubutun kuma irin na Magariba ne wanda muka sani a allo, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, shi ya sa za ka ga wanda ya yi digiri a Larabci ya kakare amma malamin zaure ya zuba karatu tiryan-tiryan. In da hali ka haɗa su biyun. Hoton za ka buga ka kai musu, asalin ya zauna gida. Kuma ka ce su duba gefen takarda da kyau, don in wuri ya ƙare marubuci juya ta yake yi ya ci gaba a gefe, wani lokaci ma ainihin saƙon yana can.

Gano lokacin wasiƙa shi ne wurin da na fi jin daɗi. Ka fara da sunaye. Shehu Usmanu ya rasu 1817, to in an ambace shi an bi da addu'ar Allah ya jiƙan shi ka san bayan 1817 aka rubuta. Bello ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, Abubakar Atiku daga 1837 zuwa 1842, sai Aliyu Babba har 1859. In Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya fito a matsayin waziri mai ci, zamanin Bello ya fi kusa. Garin Sakkwato kansa a 1809 aka kafa shi. In ka yi sa'a akwai shekara, ta Hijira ce, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, misali 1232 za ta ba ka 1817. Wani lokaci ba lamba za ka gani ba sai wata kalma a ƙarshe da ba ta da ma'ana, wannan ramzi ne, kowane harafi da adadinsa: shin 1000, ra 200, lam 30, ba 2, ka ga 1232 ke nan. A nan ake yawan tafka kuskure, don a lissafin Magariba da malamanmu ke bi shin ce dubu, a na Gabas kuwa gain ce dubu, in mai karanta maka ya bi na Gabas sai lissafi ya watse.

Ka ɗaga takardar wajen haske, mai yiwuwa ka hango jinjirin wata guda uku a jere cikin jikinta. Takarda ce ta Italiya da fatake suka riƙa shigowa da ita ta Sahara. Amma an daɗe ana amfani da irinta, ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Kuma ba kowace wasiƙa ce hannun alƙalin ba, akwai magatakarda, akwai almajirin da ya kwafe bayan shekaru, saboda haka ka lura da hatimi ka kuma gwada hannu da hannu.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Mutane suna son ware wasiƙun aiki gefe su ce su ne tarihi, na iyali kuma a watsar wai hirar gida ce. Ka sami littafi kana rubuta bayanin kowace wasiƙa, a ciki ka nuna wace iri ce, amma kada ka raba su. Na aiki za ka ga alƙali ya rubuta wa alƙalin wani gari cewa shaidu sun tabbata gabansa kan bashi ko iyakar gona, ko rabon gado ana fitar da tumunin matar mamaci, ko tambaya ga babban malami kan mas'alar da ta shige masa duhu a fiƙihun Malikiyya. Na gida kuwa ta'aziyya ce, aure, suna, a maido littafin da aka ara, a kula da yaron da aka tura karatu. Sau da yawa ma duk suna kan takarda ɗaya tunda alƙalan da malaman 'yan uwa ne ko surukai ko ɗaliban malami ɗaya. Sai ka haɗa su za ka gane wa ya karantar da shi, wa yake jin nauyi, kuma yaya ya yi ranar da ƙara ta faɗo kan na jikinsa. In ka ga adadin kuɗi ka tuna wuri ne, keso ɗaya wuri 20,000. Za ka iya tarar da sunayen bayi cikin dukiyar gado, kada ka share kada ka ɓoye, haka zamanin yake, a rubuta shi yadda yake.

Amma rubutawa daban, watsawa a Facebook daban. Zuri'ar waɗanda aka yi wa shari'ar suna nan cikin gari, watakila ma makwabtanka ne, maganar asali ko sakin aure ko bashi ba abin wasa ba ce. Ka zauna da manyan gida, baffanni da gwaggwanni, a yarda da abin da za a fitar.

Ajiya kuma, kowace wasiƙa a sa ta tsakanin farar takarda mai tsabta, a kwance, cikin akwati bisa kanta nesa da bango da ƙasa, a duba kafin damina da bayanta. In an zo gado ku roƙi magada kada a rarraba tarin kowa ya ɗauki biyar, a bar shi hannun mutum ɗaya amintacce, sauran a ba su hotuna. Masu zuwa saye kuwa a ba su haƙuri. In gidan ba zai iya riƙewa ba, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu nan Sakkwato, akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai Arewa House a Kaduna, ku je ku yi magana da su, kuma duk abin da za ku miƙa a ƙirga shi a rubuta a sa hannu, a faɗa ƙarara ko aro ne ko kyauta, ku riƙe kwafin yarjejeniyar tare da hotunan.